Ranar da Baba Ya Warke

Ku gyara zama, masu karatu, yau zan tona asirin gidanmu kaf, ba wanda zan rufa wa, har ni kaina. Ku kuma masu cika min waya da "Auta, wai yaushe za ki ba bawan Allahn nan amsa?", ku daure ku kai ƙarshe, in ya so sai ku zage ni da hujja.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, ni ce kuma mai jinyar Baba. Mama ta rasu tun ina makaranta. Babban Yaya yana can wani gari mai nisa wurin aiki, Anti kuma, yayata mace, tana gidan mijinta da tulin yara. Gidan daga ni sai Baba, sai warin man zafi da ya kama labule ya ƙi fita. Ciwon a hanta yake. Ranar da likita ya ja ni gefe ya ce mu koma da shi gida, mu riƙa ba shi duk abin da ransa yake so, ban tambaye shi me yake nufi ba. Na dai haɗa kayanmu muka dawo gida.

A ranar Babban Yaya ya buɗe mana guruf a waya, ya sa masa suna "Lafiyar Baba", ya kafa doka ta farko: kada wanda ya kuskura ya gaya wa Baba abin da likita ya ce. In ya tambaya, gyambon ciki ne ya ɗan yi tsanani. Anti ta turo hoton hannaye masu addu'a har sun cika layi. Ni na rubuta "To." Kafa doka daga nesa ba wuya, tunda ba kai za ka kalli idon mutum kana miƙa masa cokali kana ce masa ya kusa miƙewa ba.

Doka ta biyu kuwa a kaina ta sauka. Akwai wani mai kemis a bakin titinmu, dogo, siriri, tabarau kullum yana zamo masa kan hanci yana mayarwa da ɗan yatsa. Shi yake kawo wa Baba magani har gida. Zai durƙusa ya jera kwalaye a kan tebur, ya ɗaga kowanne ya ce, "Wannan safe da yamma, bayan cin abinci." Da ya faɗa ya sake faɗa, Baba ya raɗa masa suna Bayan Cin Abinci, sunan kuma ya bi shi. Soyayyarsa ma haka take, a aune. Ba ya turo min baitin waƙa ko hoton fure. Saƙonsa na safe shi ne, "Ya jikin Baba? Ya jikin mai jinya?" Na rana kuma, "Kin ci wani abu, ko in kai ƙara wurin Baba?" Ku yi dariya in kun ga dama. Ranar da kika wuni kina wankin zanen gado, ba wanda ya tambayi ko kin sa wani abu a bakinki sai mutum ɗaya, ranar za ki san fure ba komai ba ne.

Da ya nemi lambar Babban Yaya ya gabatar da kansa, amsar da ya samu gajeriya ce: "Sai Baba ya warke."

Ni da ku mun san fassarar wannan magana. Yaya yana nufin in Auta ta tafi, wa zai riƙa juya Baba a kan gado? Ban ga baƙinsa sosai ba, tsoro ne ke cinsa, shi ma ubansa ne. Amma ni ma maganar ta yi min daidai, na samu wurin laɓewa. Ina son mutumin nan, ba zan yi muku kwana-kwana ba. Sai dai duk sanda na fara ƙawata ɗakina na wani gida a zuciya, sai in hango gadon Baba an kaɗe an gyara babu kowa a kai, sai in kife wayar in tashi in nemi wanki.

To, abin da su Yaya suka manta shi ne waye ubansu. Baba mai hoto ne. Shekara da shekaru yana da situdiyo kusa da kasuwa, amare da 'yan makaranta da masu neman fasfo duk sun zauna a gabansa. Maganarsa kullum ita ce babu mummuna a duniya, sai dai wanda aka zaunar a mugun haske. Ran da muka fara kiran bidiyo da su Yaya, na riƙe wayar yadda na ga dama, daga ƙasa, yana kwance. Anti tana ganinsa ta fashe da kuka, ta ce wai albasa take yankawa. Ana kashewa Baba ya harare ni.

"Duk shekarun da na yi ina sana'a, a ce 'yata ce za ta ɗauke ni ta ƙasan hanci."

"Baba, ai ba hoto ba ne, gaisawa ce."

"Duk abin da ke da gilashi a gaba hoto ne. Lahadi mai zuwa ni zan tsara."

Tun daga nan kowace Lahadi da la'asar falonmu yake komawa situdiyo. Tsohuwar kujerarsa ta katako mai dogon baya a jawo ta kusa da taga, a ɗan karkace. Labule mai shara-shara a saki, mai kauri a ɗaure. Farin zanen gado a shimfiɗa masa a cinya, wai shi zai maido haske ƙarƙashin haɓa ya cike ramin kumatu. Singileti biyu da suwaita a ƙarƙashin riga, filo a kowane gefe, ɗan bazilin a leɓe, da tabarau mai ɗan duhu saboda idon da ya koma rawaya. Wayar a jingine ta da gwangwanin madara a kan dogon tebur, sama da ido kaɗan. Abu na ƙarshe shi ne faranti a gefe, inda zai ɗan shigo cikin hoto, da ɓawon ayaba da ɓurɓushin burodi a kai. Ni nake cinye ayabar da burodin, shi ya sa duk sanda Anti ta hango ni sai ta ce jinya ta karɓe ni.

Sai a fara. Su ce, "Baba, ka yi ƙiba fa." Shi ya ce, "Ai Auta ba ta bari in huta da ci." Kowa ya yi dariya, kowa da abin da ya danne a ciki. Ana gamawa in kwashe filo, in cire masa suwaita jiƙe da gumi, in mayar da shi gado a kafaɗata. Wani lokaci ina ninke farin zanen nan ina jin haushin su Yaya kamar in shaƙe wani. Wani lokaci kuma ina jin daɗi sun samu abin da za su iya barci da shi.

Lahadin da ta wuce tun da safe na lura da take-takensa. Na kawo masa maganin ciwo, mai ƙarfin nan da ke sa shi barci, ya kawar da kai.

"Yau ba zan sha ba sai yamma. Ina da aiki."

"Wane aiki, Baba? An kawo amarya ne?"

"Ke dai ɗauko reza."

Na yi masa gyaran fuska a hankali, don fatar ta zama ba ta son wasa. Da hantsi Bayan Cin Abinci ya leƙo ya kawo auduga, ina tsakar gida ina shanya, na dai ji suna ƙus-ƙus ban kula ba. Yana fita Baba ya sa na buɗe akwatin ƙarfe na ciro jallabiyarsa ruwan toka, wadda tun bikin Anti bai sake sawa ba, da baƙar falmaran mai maɓallai masu ƙyalli, da hular da ke naɗe a cikin tsohuwar jarida. Na goge su yana kwance yana ba da umarni, "Wuyan, ki danne wuyan." Sannan ya dube ni sama da ƙasa, ni da tsohuwar rigar ƙwallon Yaya da zani mai tabon bilic.

"Je ki sa doguwar rigar nan ruwan zuma da mayafinta. Ki shafa wani abu a fuska."

"Ni ai ba na shiga hoton."

"Mataimakiyar mai hoto ba ta zama kamar an tsamo ta daga gobara."

Na je na sa, har da kwalli da 'yan kunne. Ban kawo komai a raina ba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma tsohon nan ya daɗe da tashi.

La'asar ta yi, haske ya kwanta a tagar yadda yake so, na danna kira. Babban Yaya ya fito a cikin mota, ya tsaya a gefen titi. Anti tana kicin, ɗankwali a karkace.

"Masha Allah," in ji Yaya. "Baba, yau kamar ango."

"Kana ganin na yi kyau?"

"Sosai. Wallahi ka ciko."

"Ke fa, me kika gani?"

"Baba, ai kai ka warke," in ji Anti. "Saura ƙarfin jiki kawai."

Baba ya gyara zaman hula. Ya yi murmushin nan da na san shi da shi tun ina yarinya, wanda yake yi in ya ɓoye alawa a hannu ɗaya ya ce in zaɓa.

"Alhamdulillahi. Tunda ku biyu kun shaida, to na warke. Na ji an ce wa yaron nan mai kemis sai na warke. Ga shi na warke. Na ce ya zo yau mu gaisa, a tsayar da magana."

Yaya ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

"Baba, ai da an bari ka ƙara samun ƙarfi."

"Kai da bakinka ka ce na ciko, har da rantsuwa. Ko kaffara za ka yi?"

"A'a, Baba, ba haka ba ne."

"To yaya ne? Akwai abin da kuka sani game da jikina da ni ban sani ba?"

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Yaya ya shiga gyaran madubin mota. Anti kuwa dabara ta faɗo mata: ta ƙame, baki a buɗe, ido ko ƙiftawa, wai ita sabis ya ɗauke. Saura ƙiris ta sha, sai ga ƙaramin ɗanta ya ratsa ta bayanta yana jan bokiti.

"Sabis ɗin naki mai zaɓe ne," in ji Baba. "Ya kama uwa ya bar ɗa."

Sai wayar ta fara ƙyal-ƙyal. Ga wautarmu inda take: wayar da ake kiran da ita tawa ce, fuskarta tana kallon Baba, kuma duk saƙon da ya faɗo guruf sai ya leƙo ta saman gilashi. Ni da kullum nake tsaye ta baya ban taɓa tunawa da haka ba. Baba ya ɗan sauke tabarau ya matso da kai.

"Auta, yayanki ya ce ki ce caji ya ƙare." Ya ƙara dubawa. "Yayarki kuma ta ce ki yi wani abu. Da manyan baƙaƙe ta rubuta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe duk Lahadin duniya muna ta ƙulle-ƙullenmu, shi yana zaune a haske mai kyau yana karanta mu.

"Ku kwantar da hankalinku," ya ce da su. "Ba wanda zai bar aikinsa, ba wadda za ta bar 'ya'yanta. Ni ne uban yarinya, kuma ina da rai. Allah Ya yi muku albarka. Auta, kashe."

Na kashe. Saƙon farko da na tarar na Bayan Cin Abinci ne, tun azahar ya turo: "Baba ya ce in dawo da yamma ba tare da jakar magani ba, kuma in sa takalmi mai rufi. Wani laifi na yi?"

Na ɗago zan yi wa Baba tsiya, sai tsiyar ta maƙale. Ya sulale gefe, hular ta goce, gumi ya jiƙa wuyan jallabiyar da na danne da dutsen guga. Hannunsa ya damƙi hannun kujera har jijiyoyi sun tashi. Ciwon da Baba ya ƙi bari in kwantar masa tun safe ya taso masa gaba ɗaya. Na durƙusa a gabansa, ban san sanda maganar ta fito ba.

"Baba, ba ka warke ba. Likita ya ce babu sauran abin da za su iya yi."

Ya buɗe ido ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

"Yauwa. Sai yau wani ya yi min magana kamar mai hankali a gidan nan."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin saƙonninku. Ran da kika fito daga wurin likita kina min murmushi. Na ƙare rayuwata ina ce wa mutane su yi murmushi, Auta. Na san na gaske, na san na dole." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Abin akwai kaɗaici, ki sani. Mutum yana shirin tafiya, kowa yana ce masa ba inda za shi, ba mai taya shi haɗa kaya."

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi irin kukan da nake yi a banɗaki in na buɗe famfo. Ya bar ni na yi, hannunsa a kan mayafina. Na ji kunya, na ji sauƙi, na ji kuma tsoron da na daɗe ina tura shi ƙarƙashin gado ya fito ya zauna tare da mu.

"Ya isa, za ki jiƙa min zanen haske," ya ce. "Yanzu ke ma ki ba ni gaskiya. Na yi gaban kaina ban tambaye ki ba, wannan laifina ne. Ƙarfin irin wannan zama da ya rage min bai wuce na yau ba. In ba kya son sa, in sha maganina in kwanta, ki ce masa Baba ya yi barci. Ba wanda zai ji."

"Ina son sa, Baba."

"To me ya hana?"

"In na ce eh, gani nake kamar na yarda ka tafi."

"Wa ya gaya miki ana neman yardarki?" Ya yi 'yar dariya, ta ƙare masa da tari. "Ko ni ba a nemi tawa ba."

Waya ta yi ƙara, saƙon Bayan Cin Abinci ne. "Ina ƙofar gida. In shigo, ko in koma in canza takalmi?"

Na roƙi Baba ya sha maganin a bari sai gobe, ya ce shi bai san gobe ba. Na gyara masa hula, na ƙara filo, na miƙar da shi. Ina saki yana sulalewa. Na sake, ya sake sulalewa.

"Bar filon," ya ce. "Rufa bargo a bayan kujerar, ki zaga ki zauna a ƙasa. Akwai tsaga a tsakanin katakon, ki zuro hannu ki kama falmaran ta baya, ki ja. Haka muke yi wa jariran da ba su iya zama ba. Uwa ta ɓuya ta riƙe riga, hoto ya fito kamar yaro shi kaɗai ya zauna. Hoton nan naki da kike washe baki ba haƙori, mahaifiyarki tana bayan kujerar nan."

Na tura wa Bayan Cin Abinci "Shigo, ƙofa a buɗe take." Na zaga, na tattare doguwar rigata ruwan zuma, na zauna a kan siminti, na kama da hannu biyu. Ga inda kwalliyata ta ƙare. Ta cikin falmaran da suwaita da singileti ina jin ƙashin bayansa ɗaya bayan ɗaya.

Aka yi sallama. Takalmin da aka sa bawan Allah ya sa, a bakin ƙofa ya cire shi. Ta ƙarƙashin kujera na hango sabuwar safa tana tahowa a hankali, sannan gwiwoyi suka sauka a kan darduma.

"Bayan Cin Abinci."

"Na'am, Baba."

"Yau ba kai za ka ba da umarni ba."

"To, Baba."

Muryar Baba ta fito tas, irin ta lokacin da yake tsara mutane a situdiyo. Ni kaɗai nake jin yadda bayansa yake rawa a hannuna.

"Ba zan tambaye ka sana'arka ba, na haɗiye ta safe da yamma. Ba zan kuma yi maka ƙarya ba, don ka san abin da kake kawo min, ka san irin wanda ake ba shi."

"Na sani, Baba."

"Kana son 'yata?"

"Ina son ta, Baba."

"Ita ma ta ce tana so, na ji da kunnena. Na ba ka. Amma alfarma nake nema: ka bar min ita tukuna, ina da sauran buƙatarta. Ba za ka daɗe kana jira ba."

Masu karatu, hannuwana biyu suna riƙe da falmaran, ba ni da na share hawaye. Haka suka bi haɓata suka riƙa sauka a kan rigar, kwalli da komai.

Sai na ga gwiwoyin nan sun motsa, sun jawo har gefen kujera. Ya zura hannu ta bayan kafaɗar Baba, irin riƙon wanda ya saba ɗaga marar lafiya, na ji nauyin da ke hannuna ya ragu.

"Baba, ni ba jira na zo yi ba. Tunda an ba ni, ai har da jinyar aka ba ni." Sannan ya ɗan sunkuyo ta gefen bargon, bai leƙo ba, ya yi ƙasa da murya. "Tun daga ƙofa nake ganin ƙafarki. Saki, na riƙe shi."

"Wannan ba zai yi sana'ar hoto ba," in ji Baba. "Yana tona asirin situdiyo."

Yatsuna sun yi tsami, kafaɗuna suna zogi, na kuma san riƙon da ya yi ya fi nawa ƙarfi. Na ce masa to. Amma ban saki ba.